Ranar da Na Miƙar da Jirgin Ikko

Ko tsufa ya ɗebe mini komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na tada hankalin jirgin sama guda a kan Ikko ba. Zamanin Turawa ne, gab da su tattara nasu ya nasu. Lokacin na riga na aurar da 'ya'ya, ina fataucin albasa tsakanin Shagari da Boɗinga da Sakkwato, kuma na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfurata (masu dariya sun yi, na bar su da haƙoransu a waje).

A ajin ne malamarmu ta ce Ikko tsibiri ne, wato gari da ruwa ya kewaye ta ko'ina. Na kai wannan labari Shagari wurin yayar mijina, Yaya Kulu, wadda tun farko ba ta ga amfanin karatuna ba. Ta ce ƙarya ake ɗura mana, garin da ruwa ya ci ta ko'ina ai ya zama gulbi, ina za su binne matattunsu? Muka yi ta yi har sai da aka raba mu. To da aka zaɓe ni cikin matan da za a kai taro Ikko, don a nuna tsofaffi ma suna iya karatu, na taka har ɗakinta na ce zan gano tsibirin nan daga sama, ruwa gaba ruwa baya. Ta ce in dai na gani da idona, ita da ƙafarta za ta zo aji ta zauna kusa da ni. A gaban mutane ta faɗa.

Daga Kano muka tashi. Akawun da aka haɗa mu da shi, Malam Bello, sa'an ɗana na fari, ya taɓa yin tafiyar, shi ya ce wanda ya samu tagar hagu daga gaba shi ke ganin tsibirin in za a sauka. Muna shiga kuwa ya wuce can ya baje riga. Na je na tsaya a kansa.

"Malam, wurin ga nawa na."

"Inna, nan ba motar Shagari ba ta."

"Na sani, ɗana. Can ma ba a aje ni baya."

Ya ce jiri zai ɗebe ni, na ce jirin nawa ne. Na tare hanya, ga wani Bature a bayana riƙe da jaka yana jira, dole Malam Bello ya koma kujerar dama yana gunaguni. Wata 'yar Ikko mai yi mana hidima ta nuna mini ɗamarar da ake ɗaurawa a ƙugu. Na ɗora ta bisa cinya na rufe da mayafi. Ni ba akuya ba ce da za a turke.

A nan sai na yi muku wani bayani, kafin ku yanke mini hukunci. A hanyarmu da damina, in motar albasa ta faɗa kwari ta karkace, babu tsayawa shawara, kowa ɗungumawa yake ɓangaren da ya ɗaga kafin ta kife. Ni ce kuma mai ba da murya, don tawa ta fi ta kowa kai wa nesa. Direbobi sun san ni da wannan, har godiya suke mini.

Jirgi ya fara sauka, muka keto gajimare, ga daji kore shar, can gaba wani abu na walƙiya kamar an shanya sabon kwano. Na manna goshi a taga. Sai kawai na ji jirgin ya kwanto ta ɓangarena, taga ta koma ƙarƙashin fuskata. Jikina bai shawarce ni ba.

"Ku koma dama! Kowa dama, za ya kife!"

Ban san sa'ad da na tsallake ba, sai ga ni tim a cinyar Malam Bello, hularsa ta gangara ƙarƙashin kujeru, hannuna ɗaya ya shaƙo wuyan rigar Baturen nan da ke zaune kusa da shi. Wata 'yar garin Sifawa da muka taho tare, da yake ita ma ta san hanyarmu, ta biyo ni ta danne mu duka. Nan take jirgin ya miƙe. Na ɗago na dubi jama'a na ce to kun gani.

Babu wanda ya gode. Sai dariya ta ɓarke tun daga gaba har baya. Daga ƙarƙashina Malam Bello ya ce, da ɗan numfashin da na rage masa, ai da gangan matuƙi ke karkatawa don ya juya, kuma a daidai wannan kwanciyar ce ake ganin tsibirin. Ga taga can da na yi wa yaƙi, babu kowa a bakinta. Kafin 'yar Ikkon ta mai da ni ta turke ni da hannunta, ciyawa kawai ake gani. A dawowa kuma hadari ya rufe komai.

Labari ya riga ni isa Shagari (bakin akawu ya fi jirgi sauri). Na tarar Yaya Kulu ta tara mata a tsakar gida.

"To, 'yar boko, mi kinka gani?"

Da na so da na shirya mata zance, don na taka gadar Ikko na ga ruwan da ba shi da ƙarshe. Amma gefe ɗaya na gani, alkawarinmu kuwa na kewaye ne.

"Ban gani ba, Yaya."

Ba ta zo aji ba. Har ta koma ga Allah tana cewa Ikko a tudu take kamar Boɗinga, ni kuma ba ni da bakin musu.

Abin da na koya shi ne, in abu ya karkato wajenki, leƙa tukuna kafin ki buɗe maƙogwaro. Sai dai har gobe ina nan a kan bakana: jirgin nan bai miƙe ba sai da na koma dama. Mai wata hujja ya kawo.