Jakar Bubu da Ɗan 'Yar Gida

"Lafiya lau, tavale, har zuwa lokacin da na ga fuskarki," in ji Apisalome, yana sunkuyowa ta ƙofa.

Miliakere ba ta ɗago ba. Tana zaune kan tabarma, iskar teku na shigowa a hankali, ga tsohuwar jakar hannun kakarsu Bubu a cinyarta. Ita kaɗai ce ta rage daga kayan Bubu bayan guguwar bara. A cikin gonar gwaza aka tsince ta, fatar ta tsage, maratayin ya tafi. Mili ta shayar da fatar man kwakwa har ta farfaɗo, ta rufe tsagar da masi, tufar ɓawon itace mai zanen baƙi da ja. Maratayi kaɗai ya rage, shi ya sa ta aiki wannan taubashin nata, wato tavale a yarensu, ɗan ƙanwar babanta.

"Ina igiyar, mai ƙafar ƙaguwa?"

Ya jefa mata kitsattsiyar igiyar ɓawon kwakwa. "Da hannuna na kitsa. Matan tsibirin Kadavu har suma suke yi don su taɓa."

"Warin kifin hannunka ne ya sumar da su."

"Kin ji mara godiya! Shi ya sa har yau ko kazar kawu ba ta zo neman aurenki ba."

"Ai ina jiran ka ne, miji. Ranar da ka iya tuƙa kwalekwale ba ka kifar da shi ba."

Ta zura basilla tana ɗaure igiyar. Hankalinta ya tafi: ga Bubu tana budurwa, farar riga, fure a kunne, tana saukowa daga jirgin ruwan birnin Suva da jakar nan tana sheƙi, duk ƙauye ya fito bakin ruwa kallo. Mili ba ta ga ranar ba, amma ta sha jin labarin har ta san kalar sararin. Ranar Lahadi take so ta rataya jakar, ta zauna a gurbin Bubu a coci.

Tana gama ƙulli na ƙarshe, hannu ya sauko ya ɗauke jakar.

"Ta yi kyau," in ji Api. "Za ta dace da kafaɗar Unaisi ranar aurenmu."

Nan gidan kawunsa ne, shi kuwa ɗan 'yar gida. A al'adarsu, duk abin da ya ɗauka a nan ya fita da shi, ya zama nasa, ko babanta ba shi da bakin magana. Bara ma haka ya kora alade guda, ana dariya.

"Kafaɗar Unaisi?" Ta ƙaƙaro dariya. "Wadda ke ɗaukar buhun rogo biyu? Kwando za ka saya mata."

"Kishi ne."

"Ɗauki tukunya. Ɗauki rediyon Baba. Ɗauki Baban ma, ba ya cin abinci da yawa."

"Kawu ya tsufa, ba ya ratayuwa."

"Ɓarawon da al'ada ta ɗaure wa gindi!"

"Sunana ke nan, ki ƙara da kyakkyawa."

Ya kai bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a waje. Hanawa abin kunya ne da za a yi ta faɗa har jikokinta.

Sai ya tsaya. Ya ɓalle maɓallin jakar, ya cusa hancinsa ciki kamar yadda suke yi suna yara, lokacin da Bubu ke ɓoye musu alewa. Ya daɗe haka.

"Tavale," muryarsa ta sauko. "Ina ƙamshinta?"

"Na sa sabon shafi. Tsohon ya ruɓe."

"Kin zubar?"

Ta ɗaga gefen tabarma, ta zaro wani ɗan ƙyalle shuɗi da ya koɗe. Ya karɓa da hannu biyu, ya shinshina, ya lumshe ido. Man kwakwa, furen daji, da ɗan ganyen taba da Bubu ta rantse ba ta taɓa sha ba. Can waje ruwa na ta lasar yashi.

Ya ninke ƙyallen ya sa a aljihun ƙirji. Jakar kuwa ya rataya mata a wuya, a karkace.

"Wannan na ɗauka," ya ce, yana dafa aljihu. "Riƙe fatarki. Kin zauna kina ta wahala, kin fitar da Bubu kin bar jaka."

"Kuka kake yi, ƙaton banza?"

"Hayaƙin girkinki ne."

"Ko wuta ban hura ba."

Ya fashe da dariya yana goge ido da bayan hannu. "To hura, muguwa. Ranar Lahadi ni zan riƙe miki lema, kada rana ta taɓa jakar. Ke dai ko ta gasa ki."