Barau da Burtun Fadama

"Duk tsuntsun da ke tashi tsakanin Birnin Kudu da Gwaram ya san ni, ni ma na san shi har kakansa." Haka Barau yake faɗa tun ranar da ya sayo madubin hangen nesa a Kano. Ido ɗaya na madubin ya tsage, amma Barau ya ce ƙwararru dama da ido ɗaya suke kallo. 'Yan majalisar hirarsu suka sa masa suna Farfesan Balbela, shi kuwa ya ɗauka sarauta ce.

An san dai abin da ke kai Barau garin Basirka kullum da yamma ba tsuntsu kaɗai ba ne. Akwai Rufaida, 'yar Malam Sanda, yarinyar da in ta yi murmushi sai ka manta abin da ka zo faɗa. Barau ya aika neman aurenta, Malam Sanda ya ce a ba shi lokaci, zai ba da amsa in ruwan farko ya sauka. Barau ya ƙudurta kafin nan sai ya burge tsohon.

Da bazara ta kama, ruwan fadama ya janye, tsuntsayen ruwa irin su kirinjijiya da dinya suka taru a ɗan tafkin da ya rage. Barau ya je da farar babbar riga, tsuntsaye suka hango shi tun daga titi suka watse. Ya ce gaisuwar girma ce. Washegari ya ɓuya cikin ciyawar bakin ruwa, matsattsaku suka yi kalaci da ƙwaurinsa. Ya ce wannan ma cikin bincike yake.

A nan ne ya hango burtu: baƙi wuluk, ƙato, da dogon baki, yana tafe a duƙe yana gyaɗa kai.

Da yamma wurin zance ya kwashe wa Rufaida labari. Ya ce bai taɓa ganin tsuntsu mai muni irin wannan ba, ga ƙusumbi, ga tafiya kamar mai ciwon gwiwa. Har tari yake, in ji shi, kuma sau ɗaya ya ji kamar ya yi istigfari, amma wannan sanannen abu ne a wurin masana.

Rufaida ta ce, "Ai Baba da bazara..."

"Baban zan kamo wa," in ji Barau. "Da ransa, har ƙofar gida."

Ta sake buɗe baki, ya ce mata harkar ilimi ce, ta bar wa masu ita. Ta bar masa.

Abin da ta so faɗa, kowane yaro a Basirka ya sani. In babu aikin gona, Malam Sanda farauta yake. Yakan ɗaura sassaƙaƙƙen kan burtu a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya yi ta rarrafe har ya kusanci dinya ba su farga ba.

Barau ya aro komar masunta, ya laɓe, ya jira. Da burtu ya zo daidai, ya watsa masa koma, ya bi da dukan nauyinsa ya danne, yana kiran manoman rani su zo su shaida. Suka zo, suka tsaya suna kallo.

Daga ƙarƙashinsa burtu ya ce, "Barau, ɗaga ni."

Barau ya ce, "Baba, an wuni lafiya?"

Ƙugun tsohon ya goce, ba ya iya takawa. Dole Barau ya ɗora shi a babur, komar na rataye a wuyansa, kan burtun na leƙe ta kafaɗar Barau, yara na biye. A wannan dai ba za a ce ya yi ƙarya ba: ya kai burtu har ƙofar gida, da ransa.

Da ruwan farko ya sauka, ƙasa na ƙamshi, Barau ya shafa turare ya je jin amsa. Rufaida ta fito zaure, ta gaishe shi da ladabi, ta ce ƙugun Baba da sauƙi, tarin ma haka.

"To maganarmu fa?"

"Baba ya ce tunda Allah ya hore maka madubi, ka ci gaba da hangensa daga nesa." Ta gyara mayafi. "Ya ce ni ma haka za ka riƙa hangena."