Zuma a Ƙarƙashin Hula

Ba zan taɓa mantawa da gaisuwar da na kai wa surukina a Kusada ba, ko da tsufa zai kwashe mini sauran abin da na sani. Zamanin Turawa ne, ana cikin aikin hanyar mota, ni kuwa ina sabon ango a Kankiya. Bayan karatu da gona ba ni da abin so kamar kiwon zuma.

Amyata mafi albarka ta rasa uwa (mu nan sarkin zuma muke ce mata, alhali mace ce, ita ke zuba ƙwai). Amya in ba uwa, ƙarewa take yi a hankali. Maganin shi ne a samo ɗakin da ƙudan zuma ke rainon sabuwar uwa, ɗan abu kamar kwanson gyaɗa a gefen saƙa, a yanko a kai musu. Na gwada a baya daga amyoyin kawuna a Kaikai, Allah bai nufa ba. Wata sanyin asuba ya kashe, wata jijjigar jaki.

Sai na zauna na yi tunani irin na masu hankali. Abin nan ɗumi yake so da natsuwa. Ina ne ya fi kaina ɗumi da natsuwa? Na koma Kaikai, na sa wuƙar fiƙe alƙalami na yanko ɗakin, na haɗa da saƙa mai zuma fal don kada baƙuwa ta fito da yunwa (ku dubi tausayi), na naɗe da auduga, na ɗora bisa sabon aski, na kifa hula. Na kamo hanya a ƙasa, wuya a miƙe kamar mai ɗauke da tulu.

Abin da ban lissafa ba, hanyar ta bi ta ƙofar gidan surukina. Ga shi kuwa zaune a bakin zaure da baƙi, rana ta take. Wa zai wuce? Na tuɓe takalmi tun daga nesa, na durƙusa, na sunkuyar da kai yadda ya kamata.

"Sannu, Malam ƙarami. Kun kwana lahiya? Ya mutanen Kankiya?"

"Lafiya lau, Baba."

Ya tambayi gida, ya tambayi gona, ya tambayi liman. Ina amsawa, ina jin wani abu mai ɗumi yana gangarowa ta goshi. Ya bi ta gira, ya sauko gefen hanci, ya tsaya a gashin baki. Ban ɗaga hannu ba. Ƙudaje suka fara zuwa gaisuwa su ma.

Ana haka kakar matata, Iya, ta leƙo da sandarta. Ita kam ba kunya tsakaninmu, wasa ne.

"A'a, angona ne? Mi ya same ka? Kai jama'a, ku ga mijina yana narkewa!"

Wani baƙo ya ce, "Gumi ne, Iya."

Ta dangwali goshina da yatsa ta lasa. "Gumi? In haka guminsa yake, wallahi na fasa ba jikata, ni zan tare."

Baƙi suka ƙunshe dariya cikin rawani. Surukina ya dubi sama yana jan carbi.

A nan ne na ji tafiya a tsakar kaina. Ƙafafu ƙanana, ba gaggawa. Baiwar Allah ta ga ɗumi ya isa, ta ƙyanƙyashe. Ta fito ta bakin hula, ta ratsa goshi, ta zo ta tsaya a kan karan hancina, ina kallonta da ido biyu a karkace. In ta faɗi cikin ƙafafun mutane, amyata ta tafi. In na kama ta da yatsa, zan murƙushe ta.

Na ce bismillahi a zuci, na fizge hular a gaban surukina, na kifa ta a fuskata.

Haka na miƙe: kai tsirara, zuma da auduga sun manne kamar kazar da aka fara figa, fuska cikin hula. Daga ciki na ce, "Baba, a yi mini izini." Sai na ji muryar Iya tana salati tana shaƙewa da dariya. Sai bayan gari na lallaba na juye baƙuwar cikin hular na naɗe. Takalmina kuwa sai aike aka yi da su.

Cikin ikon Allah ƙudan zuman suka karɓe ta, amya ta farfaɗo. Zuman farko na cika ƙwarya na aika Kusada. Ɗan aike ya dawo ya ce Baba ya sa albarka, amma Iya ta ce a tambaye ni: na amya ne, ko na kai?

Tun daga ranar, ɗakin uwa a ɗan gora nake sa shi, cikin auduga, a ƙirji, ba ɗigon zuma, kuma yawanci suna rayuwa. Sannan na gano wata hanya daga Kaikai da ba ta bi ta ƙofar kowa. Ta fi nisa, amma ban taɓa jin ta yi mini tsawo ba.