Ranar da Na Kai wa Man Diffa Ziyara

A da, isansin Najeriya, wato fetur, araha ne, kwalabe jere a bakin kowace hanya ta Diffa. Rikici ya rufe iyaka.

Da hanya ta buɗe, tattasaina na bushewa, injin ban-ruwa ba mai. Na ce wa maƙwabta, "Ni da na zaga har Injamena, in biya harajin gidan mai?" Na haye kogin Komadugu zuwa Najeriya da jarkoki biyu.

A Damasak mai sayarwa ya dube ni da tausayi. "Baba, an cire tallafin mai. Wannan ma daga Diffa aka kawo shi."

Kunya ta sa na saya da tsadarsa. Har yau maƙwabta na tambayata, "Alhaji, man namu ya dawo gida lafiya?"

Arahar dai ba ta dawo ba.