Yadda Za Ki Shigo da Mage Mai Yoyon Fitsari Gidan Mai Sayar da Turare

'Yar'uwa, gyara zama. Idan kika bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ba ki cusa naki wayon a ciki ba, na yi miki alkawari magen za ta zauna a gidanki daram, kuma ba wanda zai haɗa miki akwati. Ba a bakin wani na ji ba. Ni na yi da hannuna, a gidan mutumin da zai tsaya a bakin ƙofa ya ja iska sau ɗaya, ya gaya miki wace maƙwabciya ce ta shigo aron tsintsiya.

Ni tela ce. Maigidana shagon turare gare shi. Mahaifiyarsa, Inna, tana tare da mu tun da ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu. An yi mata aiki, ƙashi ya haɗe, amma matar da a da take cika gida da hira da faɗa sai ta shige ɗaki ta saki labule. Baƙi su zo, ta ce barci take yi. A kai mata shayi, ta kurɓa sau biyu ta ture. Duk mun ɗauka ƙafar ce.

Mataki na ɗaya: Kada ki je neman mage

Ki je da wani uzuri daban. Ni labule na je rataye wa likitar dabbobi a asibitinta. Ina kan tsani na hango wani keji a lungu, da wata mage ruwan toka a ciki, an aske mata baya, wutsiya na jan ƙasa kamar jiƙaƙƙiyar igiya.

Likitar ta ce, “Mota ce ta buge ta, wani ya tsinto ta ya kawo. Tana ci, tana tafiya, tana wasa. Jijiyar baya ce ta taɓu, ba ta sanin lokacin da fitsari yake zuba. Duk wanda ya zo sai ya ce kai, kyakkyawa. Da na yi masa bayani sai ya tuna ana jiransa a wani wuri. Ga keji ya yi mana kaɗan. In ba a samu mai ɗauka ba, sai allurar barcin da ba a farkawa.”

Dokar wannan mataki ɗaya ce: kada ki zura yatsa a cikin kejin. Na zura. Ta kama shi da hannuwanta biyu ta ɗora goshi a kai. Masana sun tabbatar da cewa daga nan ba a sake jin labarin hankalin mutum.

Mataki na biyu: Ki koyi sana'ar kafin ki bar asibiti

Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Likita za ta nuna miki yadda ake lalubo mafitsara a ƙasan ciki, a matsa a hankali har ta juye, safe da rana da yamma. Za ta ce ki riƙa wanke mata baya da ruwan ɗumi kina tsanewa, don kada fata ta saluɓe. Ki saurara da kyau, kuma ki lura da inda kika saita magen. Ni takalmina na saita.

A hanya ki sayi famfas na jarirai, mafi ƙanƙanta. Ki huda ƙofar wutsiya da almakashi. In mai kanti ya ce Allah ya raya, ki ce amin. Ba ƙarya kika yi ba.

Mataki na uku: Kada ki nemi izini, ki nemi 'yan kwanaki

Maigida ya dawo, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje, ya ɗaga hanci.

“Me ya mutu a gidan nan?”

“Ba abin da ya mutu, maigida. Wani abu ne dai ya ƙi mutuwa.”

Sai ga ta ta fito daga bayan keken ɗinki cikin famfas, tana taku ɗai-ɗai kamar mai zuwa karɓar haya. Ya dube ta, ya dube ni, ya sake dubanta.

“Ajiya ce,” na ce. “'Yan kwanaki kawai.”

“Nawa?”

Nan ne ƙwarewa take. Kada ki taɓa faɗin adadi. Ki tambaye shi ko ya gaji, ki karɓi jakarsa, ki yaba hularsa. “'Yan kwanaki” roba ce, tana miƙewa har shekara in kin iya ja.

Kafin ya zauna ya raɗa mata suna Famfo. Ki yi murna a ranki. Namiji ba ya raɗa wa abin da bai kula da shi ba suna.

Mataki na huɗu: Kada ki yaƙi zarni da turare

Na ɗauki kwalbar da yake ɓoyewa a saman kabad na fesa wa kujera. Da ya shigo sai ya dafe ƙirji.

“Kin ɗaura wa turarena aure da masai!”

Ruwan sanyi da ruwan khal, wato binigar girki, su ne magani, sai tsumma da haƙuri. Ki ɗinka wa kowace kujera riga, ki ɓoye shimfiɗar roba a ƙarƙashi. Ki sani kuma mage tana iya zare famfas kamar yadda kike zare zobe, don haka ki ɗinka mata maɗauri mai zagaye kafaɗa.

Duk da haka za ta zare. Kuma a cikin kayan gidan duka, farar rigarsa da aka goge aka shimfiɗa a kan gado za ta zaɓa. Bai yi ihu ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya ɗaga rigar da yatsu biyu ya ce, “Ƙarshen makon nan ki mayar da ita inda kika samo ta.”

“Maigida, kashe ta za su yi.”

“Ni ma kashe ni take yi.”

Mataki na biyar: Ki bar ƙofar tsohuwa a ɗan buɗe

Zan so in ce da dabara na yi wannan. Mantuwa ce.

Washegari da safe na nemi Famfo na rasa. Na ɗauki shayin Inna na tura ƙofarta, sai na tarar da ita tsaye, hannu ɗaya a kan sandarta mai ƙafa huɗu, ɗayan yana ƙoƙarin cusa zanen gado a bayan akwati. Katifa a jiƙe. Da ta gan ni sai ta daskare. Tun da nake da ita ban taɓa ganin tsoro a fuskarta ba sai ranar. Nan take na gane labulen, na gane shayin da ake turewa.

Magen kuwa tana kan matashin kai tana lasar hannu. Famfas ɗinta a bushe ƙarau, ni na sa mata shi.

Na ajiye kofi na ɗaga murya yadda za a ji har falo. “Kai, wannan mage! Yanzu shimfiɗar Inna kika ɓata? Inna, ki yi haƙuri, kawo zanen in wanke.”

Inna ta dube ni, ta dubi magen, ta daɗe. Sannan ta miƙo zanen.

“Ai fa,” ta ce. “Ba ta da ta ido, 'yar nema.”

Ta zauna a bakin gado ta jawo magen kan cinyarta. “Amma ki bar ta a nan. Ba da gangan take yi ba.”

Daga ranar, duk safiya Famfo tana yin laifi a ɗakin Inna, ni kuma ina zaginta da ƙarfi, ina shimfiɗa roba saboda ita. Kada ki ji tausayin magen. Ba ta taɓa musantawa ba, kuma ladanta kan kifi ne daga farantin Inna.

Mataki na shida: Ki ja bakinki, ki bar uwa da ɗanta

Ƙarshen mako ya zo, maigida ya shigo da kwali, har ya huda masa ƙofofin shan iska don a san shi ba mugu ba ne. Ya ce in ɗauko magen. Ban motsa ba.

Sai muka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas a kan siminti. Inna ce, da sandarta, ta fito falo karo na farko tun dawowarta daga asibiti. Magen na biye da ita tana jan wutsiya.

“Auta,” ta ce wa maigida, don shi ne ɗan autanta, “kwalin mene ne wannan?”

“Inna, magen ce za a mayar. Kullum sai ta ɓata miki shimfiɗa.”

“Ni na kawo maka ƙara?”

“A'a, amma…”

“Ita ta ce mota ta buge ta?”

Ya dubi kwalin da ke hannunsa.

“To ka nemo kwali babba. In gidan nan ba ya zama da mai larura, mu biyu za ka ɗauka.”

Mutum mai gemu, mai yaran shago, ya tsaya da kwali a hannu kamar an kama shi yana satar sukari. Inna ta zauna a kujerarsa, wadda ba mai zama a kai, ta ce a kawo mata shayi, babban kofi. Ta shanye tas. Sannan ta sanar da cewa daga yau ba Famfo a gidan nan, Auta sunanta.

“Inna, ni fa?”

“Kai ka girma. Miƙo min ƙanwarka.”

Mataki na bakwai: In ya shigo da kaya, kada ki karanta rubutun jikin leda

Da yamma ya same ni a kicin ina wanke tsummoki. Ya jingina da bango yana kallon ƙasa.

“Kin san dai hancina,” ya ce a hankali. “Zarnin mage daban, na mutum daban. Tun watan da aka sallamo ta na sani. To ta ina zan fara, ni da ta goya?”

Na ce ban san abin da yake magana a kai ba. Ya ce shi ma bai sani ba. Ya naɗe hannun riga ya ce in nuna masa inda mafitsarar take. Shi ma takalminsa ya saita.

Washegari ya dawo da ƙatuwar leda, ya dire a tsakiyar falo, ya ce da ƙarfi, “Ga famfas ɗin mage na sayo!”

Ɗaya daga ciki zai naɗe mage huɗu har da rara. Inna ta leƙa ledar, fuska ba yabo ba fallasa.

“Allah ya yi albarka. A kai ɗakina, tunda can take kwana.”

Da lokacin komawa da Auta wurin likitarta ya yi, Inna ta yafa mayafi ta ce ba za a kai mata 'ya ba ta nan ba. A hanyar dawowa kuma ta ce, tunda an riga an fito, a biya da ita asibitin mutane ta gaisa da wata likita. Maigida ya juya sitiyari bai tambayi sunan likitar ba. Gaisuwar ta ɗauki lokaci, ta fito da magunguna da ranar komawa. Mu biyu da mage muka jira a mota, muna kallon titi kamar ba mu taɓa ganinsa ba.

Gargaɗi

Ba ni da alhakin kafet ɗinki, ko takalmanki, ko farar rigar kowa. Ba ni da alhakin surukar da ta warware ta dawo falo da cikakken ƙarfinta, tana duba miki bayan tukunya, tana gaya wa baƙi cewa labulenki ya karkace. Haka nan babu ruwana in kika wayi gari magen da kika ceto ba ta ko kallonki sai lokacin wanki. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Abu na ƙarshe, kada ki bar tsohuwa ta zagaya asibitin dabbobi ita kaɗai. Inna ta ga wani kare mai ƙafa uku a keji na baya, kuma tun jiya take tambayar maigida ko ya san inda ake sayar da babban kwando. Ta ce ajiya ce, 'yar wucin gadi. Ni dai ban ji ba, ban gani ba.