Gaisuwar Tsalha a Zauren Kawu Sambo

Wani mutum ne a unguwarmu, Tsalha direban tifa, wanda in ya buɗe baki sai ka rantse shi ya haifi jarumta. Ya faɗo daga kan mota, ƙashin bayansa ya taɓu, aka yi masa aiki a asibiti. Likita ya ce ya ɗaura bel mai tallafar baya, ya riƙa zuwa gashin ƙashi, ya sha magani a kan kari, kuma kada ya kuskura ya tsuguna sai an ba shi izini.

Yana fitowa majalisa labari ya canza. Wai shi ba a yi masa allurar barci ba, ido biyu aka tsaga shi, har yana nuna wa likita inda zai ɗaura ƙusa. Wai gashi na ragwaye ne. Malam Jatau tela, da aka yi wa irin aikin, yana dogara sandarsa yana bin dokar likita, shi ne abin ba'arsa kullum. Alhali mu maƙwabta mun sani, in jijiyar bayan ta motsa wa Tsalha, ta tsarga daga ƙugu har tafin ƙafa kamar lantarki, kukan da yake yi har awakinmu sai sun daina kiwo.

Ana haka ya ƙyalla ido a kan Lantana, bazawara mai sayar da atamfa. Ita ba ta ƙi ba, amma kawunta Sambo ya ce sai ya ga mutumin nan da idonsa, don an ce masa ba ya iya ɗaukar ko buta. Tsalha ya ji haka ya cika ya batse. Ranar gaisuwa ya kwance bel ya jefa ƙarƙashin gado, wai kada ya fito ta cikin riga. Ya zuba shadda, ya ja mu rakiya.

Muna shiga zaure muka tarar da dattawa zaune, Kawu ya sa aka miƙo wa Tsalha kujera, ya ce ai mai ciwo ba a ɗora masa nauyin durƙuso.

"Wane ciwo, Kawu? Ni in zauna a kujera a gabanku?"

Sai ya zube ƙasa a tsugune, ragwaf. Mu da ke kusa muka ji ƙas. Idonsa ya yi jajir, gumi ya keto masa sharkaf. Ya yunƙura, ƙafa ta ce ba da ita ba. To, maimakon ya ce a taimake shi, sai ya kama gaisuwa. Ina wuni, ina gajiya, ya iyali, ya ruwa, ya kasuwa. Kawu ya amsa duka. Tsalha ya sake ɗaukowa daga farko. Ya tambayi rijiya, ya tambayi kaji.

"Ya lafiyar Inna?"

"Inna ai ta rasu tun kana yaron mota."

"Allah ya jiƙanta. To, ya... ya kajin?"

Dattawa har sun fara yabon ladabinsa. Aka kira la'asar, kowa ya miƙe, Tsalha na nan daram kamar an dasa shi. Kawu ya dafa kafaɗarsa ya ce ya tashi haka, an yafe. Dafawar nan ce ta ƙarasa shi. Ya ƙwalla ihu, yana kiran uwarsa, yana roƙo a kawo bel, a kawo magani, a kawo likita.

Miƙewa ta gagara. Haka muka cicciɓe shi a tsugune, kamar tulu, muka aza a baron mai rake, unguwa ta fito kallo. Ni wallahi ko tausayinsa ban ji ba, kafaɗata ce ta dame ni.

Za mu tura ke nan Kawu ya leƙo daga zaure.

"Tsalha, Lantana ta ce a gaishe ka da jiki. Ta ce bayan ba laifi ba ne, Allah ya ba da lafiya. Amma in ka koma asibiti, ka roƙi likitan ya ɗinke har da bakin."