Ranar da Walƙiya Ta Ɗauko Inna

Idan ana lissafin manyan mutanen Gummi, a fara da Injiniya Mas'udu Sha-Gaba, don ko ba a fara da shi ba zai taso ya gyara lissafin. Mutum ne da Allah ya yi wa baiwar sanin abu tun kafin a gama gaya masa. Injiniyancinsa bai wahala zuwa makaranta ya samo ba, mai fenti ne ya rubuta masa a allon shago, kuma har yau bai goge ba. A shagon yana sayar wa manoman fadama injin ban ruwa, yana sayar wa masu haƙar zinare na wajen Anka injin niƙa dutse. Kasuwa ta karɓe shi har tumbinsa ya fara riga shi shiga masallaci. Sha-Gaba kuwa 'yan majalisar bakin kasuwa ne suka laƙaba masa, saboda ko jana'iza aka tafi sai ya wuce makara.

Bana ya sayo wata 'yar jar mota daga Kwatano, kujera biyu tak, rufinta na tanti ana naɗe shi, ga ta maƙale da ƙasa kamar ƙadangare. Don rashin nauyi, ƙarti kaɗan za su iya ɗaga ta su gyara mata tsayuwa. Ya sa mata suna Walƙiya. Sai dai wata rana a hanyar Bukkuyum wata tsohuwar motar haya, da awaki ɗaure a samanta, ta wuce shi, har direban ya ɗaga masa hannu. Injiniya bai ci tuwo ba ran nan. Cikin makon ya kai Walƙiya wani gareji a Kaduna aka ɗaura mata turbo.

Da ya dawo, ya tsaya a gaban majalisa, ya ɗaga murfin inji, ya gyara hula.

"Jama'a, ku matso ku ga ilimi," in ji shi. "Wanga abu mai kama da katantanwa shi aka cewa turbo. Iska shika haɗiya shi ɗura ma inji, ƙarfi shi ninka. Mai garejin da bakinai yac ce mani, Injiniya, giyabos ɗin wagga mota haƙoranai ƙanana na, don ɗan ƙarfinta na asali anka yi shi, ba shi ɗaukar wanga, a sake shi. Kun ji ko? Motata ta fi ƙarfin kanta. Duk Zamfara wa ad da irinta?"

Wani daga bayan benci ya tambaya ko an sake ɗin.

"In sake abin da ke ƙarƙashin mota, inda ba mai gani?" Injiniya ya yi dariyar tausayi. "Salansa nis sake."

Gaskiyarsa ne, salansar kowa ya shaida ta. Idan ya tada Walƙiya a bakin kasuwa, kajin bakin gulbi sai sun watse.

Ba a jima ba giya ta biyu ta fara ƙara kamar an zuba tsakuwa a turmi. Injiniya ya yi wa majalisa bayani cewa gurnani ne, kowace babbar dabba tana yi. Da giyar ta koma fita da kanta ana cikin tafiya, ya ce Walƙiya ce ta raina ta, daga ta ɗaya sai ta uku take so, irin na manya. Da baƙin mai ya fara ɗiga a inda yake ajiye ta, ya ce gumi ne. Ban taɓa ganin mutumin da ya fahimci motarsa irin haka ba.

To, a wannan shekarar Inna, mahaifiyarsu, ta sauke farali. A gidansu akwai abin da aka gada tun kakanni: wanda ya ɗauko alhaji daga bakin gari ya kawo shi ƙofar gida, shi ke samun addu'ar farko, a bainar jama'a, kafin alhajin ya taka zaure. Mutanen gidan sun ɗauke ta addu'ar da ba ta faɗuwa. Lokacin da mahaifinsu ya dawo daga Makka, yayansa Surajo ne ya same ta da tsohuwar a-kori-kurar da yake jigilar shinkafa, kuma tun ran nan duk gardamar da aka yi a gida sai ya tuna wa mutane. Abin ya daɗe yana cin Injiniya. Kujerar Makkan ma shi ya biya, amma a gidan har gobe Auta ake ce masa.

"Yaya Surajo," ya ce, "Hajiya guda ba ta shiga gari cikin ƙaiƙayin shinkafa. Kai dai biyo mu baya, in ka iya hango mu."

Har lasifika ya ɗauko haya ya sa aka kafa a ƙofar gida, don kada addu'ar ta tsaya a unguwa ɗaya.

Tunda hanya ta zama abin da ta zama, ba a zuwa tarba da nisa. A gidan man bakin gari motar alhazai ta tsaya da hantsi, ga dangi, ga maƙwabta, ga 'yan kabu-kabu suna ta ham. Injiniya ya naɗe rufin Walƙiya, ya buɗe ƙofa da hannu biyu. Inna ta tako daga matakalar bas kai tsaye zuwa kujera, ta dubi motar sama da ƙasa.

"Auta, ina sauranta?" ta ce.

Sannan ta yafuto Hajiya Balaraba, ƙawarta da suka yi ɗaki ɗaya a Makka. Tare suka yi ɗawafi, tare za su shiga gari. Hajiya Balaraba kuwa mace ce da Allah ya yi wa cikar zati. Aka matsa, aka cusa, kujera ɗaya ta ɗauki hajiyoyi biyu kamar gaban motar haya. Sai kaya. Surajo ya miƙa hannu zai sa a a-kori-kura, Inna ta ce tsarabarta ba ta hawa motar da idonta ba ya kai, ta san hannuwan dangi wajen neman tabarruki. Aka jibga manyan jakunkuna a bayan Walƙiya, na Inna da na Balaraba, aka ɗora jarkokin zamzam da kwalayen dabino, aka ɗaure da igiyar shanu. Wata gwaggo ta haye saman kayan don ta riƙe. Walƙiya ta durƙusa har cikinta ya kusa shafar yashi.

Mutumin da ya gaya wa gari cewa motarsa ta fi ƙarfin kanta, da wane baki zai ce an yi mata yawa? Ya miƙe tsaye a mazauninsa.

"Jama'a, yau za ku ga bambancin mota da amalanke. Wanda bai riƙe hulatai ba, ba ruwana."

Tsakanin gidan man da kwalta akwai ɗan hawa mai yashi. Injiniya ya sa giya ta ɗaya, ya taka totur har turbo ya yi fito, ya saki kuloci gaba ɗaya. Aka ji ƙas, aka ji ƙararas, kamar an kifar da kwandon cokula. Inji na ta ruri, Walƙiya na nan inda take. Ya nemi ta biyu, ta daɗe da yin sallama. Ya sa ta uku, mota ta yi tari ta mutu. Ya lalubi ko'ina, bai samu mai amsawa ba sai ribas.

Surajo ya matso yana murmushi har kunne, ya buɗe ƙofar a-kori-kura. Amma Inna ko kallon wajen ba ta yi ba.

"Ku ce ma wancan shi rufe motatai," ta ce, don ba ta kiran sunan ɗan fari. "Na yi alkawali ƙafata ba ta taɓa ƙasar Gummi sai ƙofar gidana. Auta, yadda kaɗ ɗauko ni haka za ka kai ni."

Haka aka tura Walƙiya kan kwalta aka juya ta. Ta shiga Gummi da baya, gwaggo da jarkokin zamzam a gaba, Injiniya ya murɗe wuya yana leƙe ta gefen jakunkuna. Ayarin da ya kamata ya bi bayansa yanzu fuska da fuska suke, Surajo na farko, yana tafe a hankali yana ɗaga masa hannu. Wata mai tallan fura ta wuce su a ƙafa. Da suka zo majalisa, Injiniya ya samu ƙarfin cewa a Turai haka ake shigo da manyan baƙi don su ga masoyansu. Ba wanda ya musa, kowa ya riƙe ciki don dariya.

Duk da haka ya kai ta. A ƙofar gida Inna ta sauko, aka miƙa mata makirfo, gari ya yi tsit. Injiniya ya durƙusa ya buɗe tafuka, ya saci kallon Surajo.

"Ya Allah," in ji Inna, muryarta na kaiwa har kasuwa, "na ga Makka da idona, na ga Madina, amma garinmu da ƙeya nig gane shi. Wanga yaro ka ba shi ƙarfi, mun gode. Ka ba shi hankalin da za shi riƙe ƙarfin, ko na hannu ne."

Gummi ba ta taɓa jin amin irin ta ran nan ba. Injiniya ma ya shafa, tunda shi ya biya kuɗin lasifikar.

Walƙiya tana nan gindin darbejiyar ƙofar gida, Inna na shanya kuɓewa a kan murfin injin. Duk wanda ya tsaya kallo, Injiniya yakan fito ya shaida masa cewa turbon lafiyarsa ƙalau.